Ina ƙugiyar haruffana take zuwa?

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Na haɗa wa wata Islamiyya a nan Katsina 'yar manhajar rajistar ɗalibai da PHP da MySQL. A kwamfutata komai lafiya lau, amma ina ɗora ta a intanet sai Ƙofar Ƙaura ta koma ?ofar ?aura, Ɓatagarawa kuma ?atagarawa. Shugaban makarantar ya ce in cire ƙugiyar kawai kowa ya huta. In bi maganarsa?
Daga wani ɗalibin kwamfuta, Katsina.

AMSA: Wa alaikumus salam, ƙanena. Ka ba Malam haƙuri, kada a cire. Kafa daban, ƙafa daban, kuma wanda aka ce ya bari ba a ce ya yi ɓari ba.

Laifin ba na lambobin da ka rubuta ba ne, na rumbun ajiyar bayanan ne, wato MySQL. Kwamfuta ba ta san harafi ba, lamba ta sani. Tsarin ASCII na 1963 gurbi 128 kacal ya tanada, don Turanci. Latin1 da ya biyo baya ya buɗe wa Faransanci da Jamusanci ƙofa, mu bai san da zamanmu ba. Sai da Unicode ya zo a 1991 ƙ da ɗ da ɓ suka samu gurbi a tsarin da duniya ta haɗu a kai, a 1992 kuma Ken Thompson da Rob Pike suka tsara UTF-8, inda kowane ɗaya daga waɗannan haruffan ke cin bayit biyu (bayit shi ne ma'aunin gurbin ajiya a kwamfuta). To MySQL ya daɗe yana ɗaukar latin1 a matsayin zaɓin farko, sai a fitowa ta 8.0 ya koma utf8mb4, wato cikakken UTF-8 mai kaiwa bayit huɗu. Zatona MySQL ɗin kwamfutarka sabo ne, na masu ba manhajarka masauki a intanet kuma tsoho.

Mayar da teburanka utf8mb4. Kada ka zaɓi wanda aka rubuta utf8 zalla. Sunan yaudara ne, bayit uku yake tsayawa. Zai karɓi ƙ da alamar ₦, amma ranar da wata malama ta saka ɗan hoton murmushi a sharhinta zai yi tutsu. Layin da PHP ke magana da rumbun shi ma ka gaya masa utf8mb4, shafin kuma ka sa masa UTF-8 a kai. A nan ne yawancinmu muke mantuwa.

Sai dai duba abin da ya riga ya shiga. In ka ga Æ™ a gurbin ƙ, ko É— a gurbin ɗ, ka gode wa Allah: bayit ɗin suna nan, karatunsu aka yi a karkace, ana iya juyo su. Alamar tambaya kuwa, in ita ce a cikin teburin kansa, harafin ya tafi. Ni ma na taɓa shan wannan a aikin wani shagon magani; kwana biyu na yi da littafin rajista a cinya ina sake bugawa, mai shagon yana ta aiko min da fura kamar mai jinya.

Tunda kana ciki, kafin a dawo karatu ran Asabar, shigar da sunan Sa'adatu, unguwa 'Yar'aduwa, saboda alamar ' da ke cikinsu. In manhajar ta faɗi, kana liƙa rubutun mutane kai tsaye cikin umarnin SQL, wato umarnin da ake aika wa rumbun, ke nan, kuma ta wannan kafar ɓarayin bayanai ke shiga. Koma ga prepare na PDO, hanyar PHP ta aika umarni daban, rubutun mutane daban.