Na bar sigari da magani, me zai hana ni komawa?

Tambaya: Likita, ni direba ne a Jidda, shekara 18 ina shan sigari. Asibitin masu son barin taba sun ɗora ni a kan ƙwayar Champix, suna kuma kirana a waya. Yau sati biyar ban sha ba, amma abokina da muka fara tare ya koma. Me ke sa wani ya ɗore, wani ya koma?

Amsa: Sannu da ƙoƙari, ɗan'uwa. Ka haye wuri mafi wuya, don jarabar nikotin, sinadarin taba mai kama mutum, ta fi tsanani a satin farko, daga nan ta riƙa lafawa. Abin da nake jiye maka yanzu shi ne ka ɗauka ka warke.

A nan mutane da yawa ke ajiye maganin. Ƙwayar nan takan zauna a gurbin da nikotin ke kamawa a ƙwaƙwalwa, ta rage kwaɗayi, ta kuma dushe daɗin tabar. Sati 12 ake shanta, kuma waɗanda suka cika wa'adin sun fi ɗorewa. In tashin zuciya ke damunka, sha bayan ka ci abinci, da ruwa kofi guda. Wanda a da ke kunna sigari cikin rabin awa da farkawa, tabar ta kama shi sosai, likita na iya ƙara masa wasu sati 12.

Kiran wayar ma kada ka raina shi. Magani haɗe da shawara ya fi magani shi kaɗai, kuma masu yawan ɗaukar kiran sun fi cin nasara. In kana tuƙi, faka ka kira su. Ka kuma faɗa musu gaskiya, ba su zo kama ka da laifi ba. Da tsakar dare akwai layin Ma'aikatar Lafiya, 937.

Amma ni a ganina babban tarko shi ne "kara ɗaya kawai". Wanda ya zuƙa a makonnin farko, galibi kwali yake komawa saye. Shisha ma taba ce: daren Alhamis ana hira a majalisa, shayi na zagayawa, a miƙo maka tiyo, nikotin ɗin dai shi ne. Ka ɗan ƙaurace wa wannan zama na wata biyu ko uku. Mai kwana ɗaki ɗaya da mai shan taba ya fi saurin komawa, don haka ka roƙi abokan zamanka su riƙa fita waje. Motarka kuwa, fitar da laita, a wanke kujerun. In kwaɗayin ya taso maka a cunkoson titin Haramain, kurɓi ruwa ko ka sa asuwaki a baki. 'Yan mintoci ne zai wuce.

Ƙiba ta kilo 4 zuwa 5 kan biyo baya, ba ta kai illar taba ba. In kuwa ka ji baƙin ciki ya yi maka nauyi ko barci ya gagara, je wurin likita da wuri.

Abokinka ya koma asibitin a sa masa sabuwar rana. Yawancin waɗanda suka rabu da taba sai da suka gwada fiye da sau ɗaya.