Kafin ka kwashe kaya ka koma Kick

Ka tambaye ni ko ka bar Twitch ka koma Kick, wato ka sauya dandalin da kake watsa gem ɗinka kai tsaye, tunda an ce maka a can kaso 95 cikin ɗari na kuɗin da 'yan kallo ke biya wa tasharka duk wata naka ne, a Twitch kuwa yawanci raba-daidai ake yi. Ba ƙarya aka yi maka ba, ɗana. Amma da bakinka ka ce mini mutum takwas zuwa goma ke kallonka idan ka kunna gem da dare. Biyan wata ɗaya dala biyar ne zuwa shida a Amurka. A ce mutum biyu cikin goman nan sun biya, nawa ne bambancin? Bai kai kuɗin intanet ɗin da ka ƙona a watan ba. Zancen kaso na masu ɗaruruwan 'yan kallo ne, kai matsalarka yanzu a san da kai.

Ka san Ninja, shahararren mai buga gem ɗin Fortnite. A watan Agustan 2019 ya bar Twitch da mabiya sama da miliyan 14 ya koma Mixer, dandalin Microsoft, kan kwantiragi mai tsoka. Shroud, wani babban mai watsawa, ya bi shi a watan Oktoba. Kowa ya ɗauka Twitch ta shiga uku. Sai ga shi yawancin jama'a ba su bi su ba, don mai kallo ba saboda mutum ɗaya kaɗai yake zuwa ba, akwai abokan hirarsa da sauran tashoshin da ya saba leƙawa. A watan Yulin 2020 Microsoft ta rufe Mixer, ta nuna wa mutane ƙofar Facebook Gaming. Manyan nan biyu suka koma Twitch da kuɗinsu a aljihu. Waɗanda suka ji jiki su ne ƙanana irinka, da suka shekara biyu ko uku suna tara mabiya ɗaya bayan ɗaya, aka wayi gari babu tashar, babu mabiyan. Kada kuma ka ɗauka ƙananan dandali kaɗai ke yin haka. Twitch ɗin kanta, duk da Amazon ce ta saye ta tun 2014, ta tattara ta bar Koriya ta Kudu a watan Fabrairun 2024 saboda tsadar layin intanet a ƙasar, masu watsawa na can suka watse zuwa Chzzk da AfreecaTV, dandalin ƙasar. Ɗan haya kake a duk inda ka sauka, mai gida kuma ba ya shawara da kai ranar da zai rushe ginin.

Miliyoyin da ka ji Kick ta ba xQc, wani babban mai watsawa, a 2023, waɗanda jaridu suka ce za su iya kai dala miliyan 100 a shekara biyu, kuɗin jama'ar da zai janyo ne. Iya buga gem ba ya cikin lissafin. Kuma ka san cewa masu kamfanin caca na Stake ne ke bayan Kick. Wannan sai ka auna da kanka, da irin sunan da kake so masu ba da talla su san ka da shi nan gaba.

Abin da zan so ka yi ya fi ƙaura sauƙi. Tun Oktoban 2023 Twitch ta ba kowa damar watsawa a dandali fiye da ɗaya lokaci guda. To gwada. Buɗe YouTube ko Kick ɗin a gefe, ka yi wata biyu, ka ga inda mutane ke tsayawa su yi maka magana. Sai dai fa kwamfuta da layinka za su ɗauki nauyi biyu, kuma hira za ta rabu gida biyu. Mutum ya gaishe ka ka yi shiru don idonka na wancan ɓangaren, ya tafi ke nan, ba lallai ya dawo ba. Karanta ƙa'idojin kafin ka fara, suna yawan sauyawa.

Babban aikin ma ba lokacin da kake kai tsaye yake ba. A Twitch, mai yawan 'yan kallo shi ke sama, kai kana can ƙasa ƙarƙashin dubban tashoshi, wa zai gangara ya same ka? Shi ya sa nake ce maka ka rage awa shidan da kake yi kai tsaye zuwa uku, sauran ka zauna ka yanko wuraren da suka yi armashi, ka ɗora a YouTube da TikTok. Can ne na'ura ke kai bidiyo gaban wanda bai taɓa jin sunanka ba, ko kana barci. Ka kuma danna naɗi a OBS, manhajar da ake watsawa da ita, duk lokacin da ka hau, ka adana a wurinka, domin Twitch tana goge tsofaffin shirye-shirye bayan 'yan kwanaki ko makonni. Waƙar mutane kuwa, kashe ta. A 2020 mutane da dama sun share bidiyon shekaru da hannunsu saboda ƙarar haƙƙin mallaka.

Yi amfani da suna ɗaya a ko'ina, ka buɗe zauren hira a manhajar Discord yau ɗin nan ko da mutum takwas ɗin ne za su shiga, don ranar da za ka tashi ka sami inda za ka sanar da su. Idan kuma wata rana wani dandali ya miƙo maka takarda, kawo mini mu duba tare kafin ka sa hannu. Layin da za mu fara nema shi ne wanda ya hana ka watsawa a wani wuri, da tsawon lokacinsa, da abin da za a biya ka idan su ne suka rufe.