Ɗana ya kusa gama zaman makarantar ladabtarwa a Texas, yaya zai koma ajinsa?

Tambaya: Assalamu alaikum Barista. Muna zaune a Houston ni da maigidana da yara. Babban ɗanmu mai shekara 15 ya yi faɗa a makaranta har ya ji wa wani yaro ciwo, aka tura shi makarantar ladabtarwa da suke kira DAEP na kwana 45. Saura mako biyu ya gama, amma har yau babu wanda ya ce mana uffan kan komawarsa. Maigidana yana ganin mu ɗauke shi mu kai shi inda ba a san shi ba. Ni kuma tsorona kada tabon ya bi shi har jami'a. Mene ne abin yi?

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya. Allah ya shirya mana zuri'a baki ɗaya. Ki kwantar da hankalinki, komawar ɗanki aji ba alfarma ba ce da za ki je roƙo. Haƙƙinsa ne, kuma doka ta ɗora wa makaranta aikin shirya masa hanya.

A 2019 majalisar dokokin Texas ta zartar da ƙudirin HB 2184, wanda ya zama sashe na 37.023 na Dokar Ilimi ta jihar. Sashen ya ce da zarar makarantar ladabtarwa ta tsayar da ranar sallamar yaro, sai ta sanar da iyayensa da shugaban makarantar da zai koma, a rubuce, ta kuma aika wa shugaban bayanin yadda karatunsa ya tafi a can. Shi kuma shugaban yana da kwana biyar na karatu daga ranar sallama ya tsara komawar. Ba shi kaɗai zai yi ba. Dole ya nemi shawarar masu ba ɗalibai shawara, da jami'in kula da ɗa'a, da malaman da za su karɓi yaron, a fito da tsari na musamman da sunan ɗanki wanda zai faɗi ajin da ya fi dacewa da shi. Ana iya sa masa ƙarin darasi a ciki, ko ganin likitan ƙwaƙwalwa, ko duba ci gabansa lokaci-lokaci. Dokar ta kuma ce shugaban ya zauna da iyaye in hakan zai yiwu.

Inda dokar ta gaza a ganina shi ne sashen bai faɗi abin da zai sami shugaban da ya yi sakaci ba. Shi ya sa wani yaron kawai a miƙa masa jadawalin darussa ranar Litinin a ce ya shiga aji, alhali abokansa sun yi masa nisa, malamai kuma suna masa kallon mai laifi. Yaron da ya dawo ya tarar ba ya gane abin da ake koyarwa ya fi kowa saurin sake shiga rigima. Don haka kada ki jira su kira ki. Yau ɗin nan ki aika wa shugaban makarantar imel, ki ambaci lambar sashen, ki nemi ranar zama da kwafin tsarin. Duk abin da aka faɗa miki a waya, ki bi shi da gajeren saƙo mai cewa ga abin da muka tattauna. In Turancin taro yana miki nauyi, ki nemi tafinta tun a cikin saƙon. Dokar tarayyar Amurka ta kare haƙƙin jama'a ta 1964 ta wajabta wa makarantun gwamnati su yi magana da iyaye da harshen da suke fahimta, ba tare da kin biya ko sisi ba. Kada ki yarda a ce yaron ne zai yi muku fassara a zaman da ake maganarsa.

A wurin zaman, ki fi matsawa kan karatu. Sashe na 37.008 ya ce gundumar makarantu ta ba yaron da aka tura DAEP damar kammala muhimman darussan da yake ɗauka kafin sabuwar shekarar karatu, ko ta intanet ko ta karatun hutun bazara, kuma kyauta. Ki tambaye su darasi bayan darasi: nawa ya ci, me ya rage, wa zai taimaka masa, zuwa yaushe? Idan kuma kin daɗe kina lura karatu ko natsuwa na yi masa wuya, ki nema a rubuce a yi masa gwajin gano ko yana da buƙata ta musamman wajen karatu, suna da kwana 15 na karatu su ba ki amsa. Na san iyayenmu da yawa suna jin nauyin wannan, suna ganin kamar za a ce ɗansu ba shi da lafiya. Ba haka ba ne. Yaron da aka tabbatar yana da irin wannan buƙata yana samun kariya mai ƙarfi, domin kafin a sake cire shi daga aji na tsawon lokaci sai an zauna an duba ko larurarsa ce ta jawo laifin.

Shawarar Alhaji kuwa, na fahimci abin da yake gudu, amma kada a ɗauke yaron yanzu. Idan ya koma wata gunduma kafin wa'adin ya cika, takardar hukuncin za ta bi shi, sabuwar gundumar kuma tana da ikon ci gaba da zartar da shi. Makarantun cata ma (charter, wato masu cin gashin kansu da gwamnati ke ba kuɗi) doka ta yarje musu su ƙi karɓar mai tarihin ladabtarwa in hakan na cikin yarjejeniyar kafa su. Ya gama mako biyun nan, ya koma da tsarinsa a hannu. In daga baya kun ga zaman bai yi ba, sai a yi maganar canji.

Game da tabon, dokar tarayya ta FERPA ta 1974, mai kare bayanan ɗalibai, ta ba ki ikon ganin fayil ɗin ɗanki cikin kwana 45 da nema. Ki karanta shi da kyau. In an rubuta abin da ba daidai ba, ki nemi a gyara. In sun ƙi, kina da damar a saurare ki, in ma ba ki yi nasara ba za ki iya rubuta naki bayanin a haɗa da fayil ɗin. Wannan hanya ta gyaran kuskure ce, ba ta soke hukuncin kansa. Fom ɗin Common App, wanda ɗaruruwan jami'o'i ke amfani da shi wajen karɓar masu neman gurbin karatu, ya daina tambayar tarihin ladabtarwa tun 2021, sai dai wasu jami'o'in suna tambaya a nasu shafin. In an tambaye shi, ya faɗi gaskiya.

Idan kwana biyar ɗin suka wuce babu tsari, ki shigar da koke ta hanyar da gundumarku ta tanada, daga shugaban makaranta zuwa ofishin gunduma har hukumar gudanarwarta. Ki duba wa'adin shigar da koke a littafin ƙa'idojin ɗalibai, don in ya wuce ana iya ƙin sauraron ki.

Ba ki faɗa mini ko 'yan sanda sun shiga maganar ba. In har an kai ta kotun yara, wannan shari'a ce daban da ta makaranta, kuma tana da nata hanyar rufe fayil. Ki nemi lauya mai lasisin Texas ya duba takardun kafin yaron ya sa hannu a kan komai ko ya yi wa wani jami'i bayani.