Tambayi Likita: Masu Shirin Fara Doguwar Tafiyar Ƙafa da Hawan Tsauni

Tambaya: Likita, shekarata 42, aikina na zaman ofis ne, kuma ina shan maganin hawan jini. Abokaina sun gayyace ni tafiyar kwana uku a ƙafa cikin tsaunuka, kowa goye da jakarsa. Zan iya kuwa?

Amsa: Malam, za ka iya, amma sai ka shirya jikinka tukuna. Hawan jinin da magani ya shawo kansa ba ya hana tafiyar ƙafa, hasali ma tafiyar tana taimakawa wajen sauke shi. Abin da nake guje maka shi ne ka tashi daga kujera kai tsaye ka doshi tsauni. Hukumar Lafiya ta Duniya tana shawartar manya su motsa jiki na aƙalla minti 150 a mako, don haka ka fara da tafiyar minti 30 sau biyar a mako, ka riƙa hawa matakalar bene, bayan wata guda ka soma goya jakar tana ɗauke da kaya kaɗan, kana ƙarawa sannu a hankali har ka kwashe kamar wata biyu. Kada nauyin jakar ya wuce kashi 20 cikin 100 na nauyinka, wato kilo 15 ga mai kilo 75, kuma ka ɗaure ɗamararta sosai domin ƙugu ya ɗauki nauyin, kafaɗu su huta. Ka ga likitanka kafin tafiyar, musamman idan maganinka mai sa yawan fitsari ne, domin irinsa yana saurin ƙarar da ruwan jiki in ana gumi. Idan ka ji ƙirjinka ya ɗaure ko jiri ya kwashe ka, ka tsaya a nemi taimako nan take.

Tambaya: Duk lokacin da na yi tafiya mai nisa sai ƙafata ta yi bororo. Mene ne mafita?

Amsa: Malama, gugar takalmi da danshi ne suke haddasa shi. Kada ki fita da sabon takalmi sai kin yi makonni kina sa shi, ki kuma guji safar auduga domin tana riƙe gumi. Ta ulu ta fi. Da zarar kin ji wani wuri ya fara zafi, ki tsaya ki manna filasta kafin ya tashi. Mai ciwon sukari kuwa ya duba ƙafarsa kowane dare, domin yana iya jin rauni bai sani ba.

Tambaya: Ruwa nawa ya kamata in sha, kuma zan iya shan na rafi?

Amsa: A yanayi matsakaici, kusan rabin lita a kowace awa ta tafiya, a ƙara idan ana zafi. Fitsari mai duhu alama ce ta ƙarancin ruwa. Sai dai ɗirkar ruwa zalla fiye da kima ba tare da cin komai ba yana rage gishirin jini, wanda kan jawo ciwon kai da ruɗewa, shi ya sa nake so ka riƙa ɗan taɓa abinci a hanya. Ruwan rafi, kome garai-garai ɗinsa, a tafasa shi ya yi minti ɗaya yana tafasa, ko minti uku a wurin da tsayinsa ya haura mita 2,000 daga matakin teku.

Tambaya: Burina in hau tsaunin Kilimanjaro da ke Tanzaniya. Rukunin jinina AS ne, amma ban taɓa ciwon sikila ba. Akwai matsala?

Amsa: Na ji daɗin wannan tambaya, domin da yawa ba sa yin ta sai sun dawo a kwance. Tsayin Kilimanjaro mita 5,895 ne, kuma tun daga wajen mita 2,500 iskar da ake shaƙa take yin ƙaranci har wasu su fara ciwon kai, tashin zuciya, kasala da rashin barci. Ƙarfin jiki ba ya kare mutum daga wannan, hawa a hankali ne yake ba jiki damar sabawa. Idan an wuce mita 3,000, kada wurin kwanan yau ya ɗara na jiya da fiye da mita 500, a kuma riƙa ware ranar hutu bayan kwana uku ko huɗu. Wanda alamun suka kama shi kada ya ƙara hawa. Idan kuma ya fara tangaɗi, ko ruɗewa, ko haki alhali yana zaune, a sauko da shi a lokacin, ko da tsakar dare ne.

Game da jininka, yawancin masu AS suna rayuwarsu lafiya lau, amma ƙarancin iskar oksijin, da gajiya mai tsanani, da ƙishirwa suna iya sa ƙwayoyin jini su lanƙwashe su toshe jijiyoyin saifa. Alamarsa ciwo mai tsanani ne a saman ciki ta ɓangaren hagu, kuma yana bukatar a sauko a tafi asibiti. Ka zauna da likitan jini kafin ka yi rajista, ka zaɓi hanyar da ta fi yawan kwanaki, ka kuma sanar da jagoran tafiyar rukunin jininka tun a ƙasa. Mai SS kuwa ba na ba shi shawarar irin wannan hawa.