Amsa: labarin gicciye da kalmar "Yahudawa" a ajin yara

Malama, kin ce bayan darasin gicciyen Yesu a ajinki na Lahadi a Tahoua, wani yaro ya tashi ya ce Yahudawa mugaye ne, kina neman yadda za ki gyara kafin Ista, bikin tashin Yesu daga matattu.

Matsalar a kunnen yaron take. Bai taɓa ganin Bayahude ba. Kalmar ya san ta a labaran rediyo, ko a kasuwa inda ake ce wa mai ha'inci "bayahude". Sai ga Linjilar Yahaya ta maimaita "Yahudawa" wajen sau 70. Saboda haka tun kafin ki buɗe littafi, sa su lissafa: Yesu, Maryamu, Bitrus, matan da suka bi shi suna kuka a Luka 23:27, dukansu Yahudawa ne. Daga nan ki kai su Yahaya 9:22, inda iyayen makahon da Yesu ya warkar, Yahudawa su ma, suke tsoron "Yahudawa". Yaro ɗan shekara goma zai gane da kansa cewa shugabanni ake nufi. In kina ba da labarin da baki, ki ce Kayafa, babban firist, da sauran manyan firistoci.

Bilatus kuwa, kar wanke hannun da ya yi don nuna ba shi da alhakin jinin Yesu ya ruɗe ki. Gicciye hukuncin Romawa ne, na Yahudawa jifa ne, kuma Bilatus ne gwamnan Romawa a Yahudiya daga shekara ta 26 zuwa 36, sojojinsa ne suka buga ƙusoshin. Luka 13:1 ya nuna halinsa: ya zubar da jinin Galilawa suna tsakiyar hadaya.

Ayar da ta fi wuya ita ce Matiyu 27:25, inda taron ya ɗora alhakin jinin a kansa da ƴaƴansa. An daɗe a Turai ana fakewa da ita a farma unguwannin Yahudawa a makon Ista, har Ikilisiyar Katolika ta bayyana a 1965 cewa ba a ɗora alhakin a kan Yahudawan wancan lokacin gaba ɗaya, balle na yau. Ga ƙanana ki tsallake ta. Ga manya ki haɗa ta da Luka 23:34, inda Yesu ya roƙa musu gafara.

A wasan kwaikwayo ne ake yawan ɓata abin: almajirai fararen riguna, taron jama'a baƙaƙe da fuska a murtuke. Ki sa musu kaya iri ɗaya, masu ihun "a gicciye shi" kar su wuce huɗu ko biyar, kuma kar ki manta da Yusufu na Arimatiya, ɗan majalisar Yahudawa da ya nemi gawar Yesu.