Ku Tambaya Mu Amsa: Wai me ake rubutawa haka a kan besbol?

Jama'a assalamu alaikum. Tunda muka taɓo zancen besbol, wasan nan na Amurkawa, a fitowar da ta wuce saƙonni ke ta shigowa, wasu tambaya wasu kuma faɗa suke min wai ina ruwan Bahaushe da wasan sanda. To na ji. Ga waɗanda na tsinto, sauran a yi haƙuri filin ne ba yawa.

TAMBAYA: Malam barka da aiki. Rannan na tsaya wajen masu sayar da tsofaffin littattafai a Wuse sai na ga na besbol jibge a tebur, na ƙwallon ƙafa kuwa da ƙyar na ga ɗaya. Na koma gida na kunna wasan a YouTube wallahi nan da nan barci ya fara fizgata, mutum ya yi jifa a tsaya, ya sake jifa a sake tsayawa. To wai me ake rubutawa a kai haka?
Ɗalibi, daga Kubwa

AMSA: Ƙanena ai tsayuwar nan da ta sa ka barci ita ta haifi littattafan. Ka ga wasan mutum tara-tara ne, zagaye tara, wani ya jefo ƙwallo wani ya kai mata duka da sanda, in ya same ta sai ya ruga ya bi tashoshi uku na filin ya dawo inda ya fara a ba su maki, in ya kuskure sau uku ya fita, in mutum uku suka fita sai masu jifa su dawo masu bugu. Kowane jifa zaman kansa yake yi, yana da farko yana da ƙarshe, don haka mai biro zai iya rubuta shi kafin a sake wani. A ƙwallon ƙafa ina ka ga wannan sararin, kana sunkuyawa an ci.

Wanda ya fara gane haka da kyau ma ba haifaffen Amurka ba ne, wani ɗan jarida ne Henry Chadwick da aka haifa a Ingila, da rahoton kurket ya fara, wasan sanda da ƙwallo na Ingilishi, wajajen 1859 ya tsara ɗan jadawalin nan da ake bugawa a jarida bayan kowane wasa, wane ya buga sau kaza, ya samu kaza, ya fita sau kaza, kamar dai littafin bashi na mai shagon unguwa ba abin da ke ɓata. Tun daga lokacin ake tarawa. Yanzu ka haɗa da cewa ƙungiyoyi 30 ne a babbar gasarsu kuma kowacce tana buga wasa 162 a kaka ɗaya, kusan kullum ke nan tsawon wata shida, ɗan jaridar da ke bin ƙungiya dole ya cika shafi yau ya cika gobe, in sakamako ya ƙare masa sai ya koma labarin mutanen, wanda ya tsufa hannu ya fara ƙi, yaron da aka ɗauko daga ƙauye, wanda aka sallama da dare. A nan marubutan kirki suka fito.

Masu sharhi a rediyo ma haka. An fara sa wasan a rediyo ranar 5 ga Agusta 1921 a tashar KDKA ta birnin Pittsburgh, kuma tunda tsakanin jifa da jifa shiru ne dole mai sharhi ya iya hira ba ihu kaɗai ba. Vin Scully ya yi kaka 67 yana yi wa ƙungiyar Dodgers sharhi, daga 1950 har 2016, yakan fara labari a tsakiyar wasa ya yanke ya faɗi jifa ya dawo ya ɗora inda ya tsaya. Wani abin dariya, Ronald Reagan tun kafin ya shiga fim balle shugabancin ƙasa, aikinsa ke nan a wata rediyo a jihar Iowa, kuma ba ya ma filin, ta wayar tangaraho ake aiko masa abin da ya faru a taƙaice shi kuma ya ƙawata. Shi da bakinsa ya sha ba da labarin ranar da wayar ta yanke, sai ya dinga cewa mai bugu ya buga ta fita gefe, ya sake bugawa ta fita gefe, har layi ya dawo.

Amma fa ba kai kaɗai ka yi barci ba, masu gasar su kansu sun ga wasa na haura awa uku matasa na gudu, shi ya sa a 2023 suka sa wa mai jifa agogo don kar ya daɗe kafin ya yi jifa.

TAMBAYA: Yallabai ni ɗan Liverpool ne na gidi. A gidan kallonmu wani ya ce wai da dabarar besbol aka gina mana ƙungiya, har ya kira wani littafi Moneyball. Gaskiya ne ko dai cika baki ne irin na masu Turanci?
Mai gyaran waya, daga Nyanya

AMSA: Ɗan'uwa mutumin naka bai yi ƙarya ba, sai dai ya ɗan zuba gishiri. Littafin na nan, Michael Lewis ya rubuta ya fito a 2003, labarin ƙungiyar Oakland ne da manajanta Billy Beane. A kakar 2002 kuɗin albashinsu kusan kashi ɗaya cikin uku ne na abin da New York Yankees ke kashewa amma kowaccensu ta ci wasa 103, har Oakland ta jera 20 ba faɗuwa. Dabarar ita ce, maimakon a bi idon tsofaffin masu farautar 'yan wasa da ke cewa yaron nan yana da ƙira yana da tsayi, sai a duba lissafi a ga wa ke yawan isa tashar farko ko ta halin ƙaƙa, ko da mai tumbi ne ko gudunsa ba kyan gani, irin waɗannan kasuwa ta raina su don haka da araha ake samunsu.

Ni kuma wanda ya fi burge ni a labarin ba manajan ba ne, Bill James ne. Mai gadin dare ne fa a wata masana'antar wake na gwangwani a jihar Kansas, yana gadi yana lissafi, a 1977 ya buga ɗan littafinsa da kuɗin aljihunsa yana sayarwa ta gidan waya, manyan harkar suka yi shekaru suna masa kallon mahaukaci. A 2002 sai ga Boston Red Sox ta ɗauke shi aiki, a 2004 ta ci kofin da rabonta da shi shekara 86. Mai wannan ƙungiya John Henry shi ne kamfaninsa ya sayi Liverpool ɗinku a 2010, ka ga inda igiyar ta haɗu.

Gishirin kuwa, na farko littafin ya yi rowar yabo ga manyan masu jifa uku da Oakland ke da su a lokacin, Hudson da Mulder da Zito, da kuma Miguel Tejada wanda shi aka ba gwarzon gasarsu a shekarar, alhali ba wannan sabuwar dabara ce ta kawo su ba, kuma da aka zo wasannin kifa ɗaya ƙwala a matakin farko Minnesota ta yi waje da su. Marubucin gwani ne, ya san in ya sako waɗannan labarin ba zai yi zaƙi ba. Na biyu, kai da ka san Liverpool ai ba ka manta fam miliyan 35 da aka zuba wa Andy Carroll a 2011 ba, a hannun masu lissafin nan ne fa. Sai da aka sha wuya kafin a zo kan su Salah da kofin 2019 da na 2020. Ka nemi littafin ka karanta yana da daɗi, amma in za ka yi musu da shi a gidan kallo ka san inda za a kama ka.

TAMBAYA: Wai ana ma yin wasan nan a Najeriya kuwa?
Ma'aikaci, daga Lugbe

AMSA: Ana yi, ba dai yawa. Nan Abuja ma an buga shi a wasannin Afirka na 2003, COJA da kuka sani, Afirka ta Kudu ta ɗauki zinare mu muka zo na biyu. Ɗan Afirka na farko da ya buga a babbar gasar Amurka kuwa Gift Ngoepe ne ɗan Afirka ta Kudu, a 2017.

TAMBAYA: Malam ni malamar sakandare ce, ina koyar da tarihi. Akwai wani abu a rubuce-rubucen nan da zai amfani yarana, ko duk lissafin bugu ne?
Malama, daga Gwarinpa

AMSA: Malama sannu da ƙoƙari, Allah ya ba da lada. Akwai, kuma a ganina nan ne ma naman yake. Shekara da shekaru ba a barin baƙar fata ya buga a babbar gasar, sai suka kafa tasu a 1920 a Kansas City ƙarƙashin Rube Foster. Sai ranar 15 ga Afrilu 1947 Jackie Robinson ya shiga fili da rigar Brooklyn Dodgers mai lamba 42, ya sha zagi da barazanar kisa, yanzu kuwa tun 1997 an jingine lambar nan a duk ƙungiyoyi don girmama shi. Wannan kowa na faɗa. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne ɗan jaridar da ke bayansa, Wendell Smith na jaridar baƙaƙe ta Pittsburgh Courier, shi ya yi ta rubutu yana matsa lamba, shi ya ba shugaban ƙungiyar sunan Robinson, kuma da yake ba a barinsa shiga ɗakin 'yan jarida a cikin 'yan kallo yake zama ya ɗora tafireta a cinya.

Su waɗannan jaridu na baƙaƙe sun yi ta buga jadawalin wasanninsu ba wanda ya damu, ashe ajiya suke yi. Daga tsofaffin shafukan nan masu bincike suka tattaro lissafi, a 2024 aka shigar da shi kundin hukuma, sai ga Josh Gibson wanda ya rasu a farkon 1947 bai taɓa taka babbar gasar ba ya haye saman Ty Cobb, wanda ke riƙe da kambun a da, a matsayin wanda ya fi kowa dacewa da bugu a tarihi, 372 cikin kowane 1,000.

In aikin aji kike so ga shawara. Wani malamin jami'a Lawrence Ritter da ya ga tsofaffin 'yan wasa na ta mutuwa sai ya ɗauki rikoda ya bi su gida-gida, ya bar su suka yi magana da bakinsu bai tsoma nasa ba, littafin ya fito a 1966 har gobe ana sayensa. Mu nan in ba don makaɗa irin su Ɗan Anace ba da wa zai san Shago, kuma ko su kirari suka bar mana, ba su ce ranar kaza aka yi kisa kaza a gari kaza ba. Ga gidan dambe nan a Dei-Dei, ga tsofaffin 'yan kokawa da 'yan ƙwallo a kowace unguwa sun koma gadi ko sayar da rake. Ki raba yaran biyu-biyu, kowa da waya, su nemi tsoho ɗaya da izinin iyayensu, su fara gaishe shi yadda ya kamata kafin su kunna komai, su tambaye shi shekara da gari da sunan abokin karawa, sannan su rubuta da Hausar da ya yi magana da ita kar su gyara masa. In kun haɗa ki turo mana, zan roƙi edita ya ba mu shafi biyu.