Tambaya da Amsa: Yaushe Ake Kulle Difaranshal Idan Tarakta Ta Kafe?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da ƙaramar tarakta da nake aikin gona da ita, kuma idan ƙasa ta jiƙe takan kafe mini a wuri mai laka. Abin da ke ɗaure mini kai shi ne, tayar baya guda ɗaya takan yi ta juyawa tana watsa taɓo, alhali ɗayar, wadda take kan ƙasa mai ƙwari, tana tsaye cik. Akwai wata feda kusa da diddigena da aka ce mini ta kulle difaranshal ce. Na taɓa taka ta a lokacin da tayar ke juyawa da gudu, sai na ji wata ƙara mai ƙarfi daga ƙarƙashin kujera, tun daga ranar nake tsoron taɓa ta. Shin taraktar ce ke da matsala, kuma yaya ake amfani da wannan feda?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Juyawar taya ɗaya da tsayuwar ɗayar ba alamar lalacewa ba ce, haka aka ƙera na'urar ta yi aiki. A tsakanin tayoyin baya akwai wasu giyoyi da ake kira difaranshal, kuma aikinsu shi ne su bar kowace taya ta yi nata gudun a lokacin shan kwana, domin tayar da ke waje tana cin tazarar da ta fi ta tayar ciki. Idan faɗin da ke tsakanin tayoyin biyu mita 1.2 ne, misali, to a juyawa ɗaya ta rabin da'ira a ƙarshen kunya tayar waje za ta fi ta ciki tafiya da kusan mita 3.8. Da babu difaranshal, da dole ɗayarsu ta riƙa jan ƙasa a kowace kwana.

Sai dai wannan tsari yana da rauni guda. Difaranshal yana raba ƙarfin murɗawa daidai wa daida tsakanin tayoyin biyu, don haka tayar da ke kan ƙasa mai ƙwari ba za ta samu fiye da abin da tayar da ke cikin laka za ta iya riƙewa ba. Idan ta cikin lakar ba ta da abin kamawa, ƙarfi kaɗan ya ishe ta juyawa, kuma wannan ɗan kaɗan ɗin ne kawai ke isa ga 'yar uwarta, wanda bai kai ya motsa taraktar ba. Shi ya sa ƙara wuta ba ya haifar da komai sai zurfafa rami. Fedar da ke diddigenka tana tura wani ƙarfe mai haƙora ko ƙusoshi ya haɗe sandunan tayoyin biyu su zama tamkar sanda ɗaya, ta yadda dole su juya tare da gudu ɗaya, sannan tayar da ta samu wurin kamawa ta yi amfani da duk ƙarfin da ƙasar za ta iya ɗauka.

Ƙarar da ka ji ta fito ne daga wannan ƙarfen, domin ka nemi ya haɗa sandar da ke gudu da sandar da ke tsaye a lokaci guda. Sau ɗaya ba lallai ne ya yi ɓarna ba, amma maimaita hakan yana fasa haƙoran ko ya karya ƙusoshin, kuma gyaran yana buƙatar buɗe akwatin giya na baya, wanda ba ƙaramin aiki ba ne. Hanyar da ta dace ita ce, da zarar ka ga taya ta fara sulɓi, ka taka kuloci, ko ka ɗaga ƙafa daga fedar tafiya idan taraktarka mai tafiya da matsin man haidirolik ce, ka bari tayar ta tsaya. Daga nan ka rage wutar inji, ka sa giya mafi ƙanƙanta, ka miƙar da sitiyari, sannan ka danna fedar da diddige ka riƙe ta, kana sakin kuloci sannu a hankali. Sau da yawa fedar ba ta nutsewa gaba ɗaya sai tayar ta ɗan motsa haƙoran sun dace da gurabensu, saboda haka kada ka yi mata tsalle da ƙarfi. Idan taraktar tana da jan gaba, wato giyar da ke sa tayoyin gaba su ma su ja, ka sa shi tun kafin ka kai ga wannan mataki, kuma ka ɗan ɗaga garma ko duk abin da ke maƙale a baya domin ya daina riƙe ta.

Abin da na fi so ka riƙe daga wannan amsa shi ne lokacin amfani da fedar. Yawancin direbobi ba sa tuna ta sai bayan taya ta haƙa rami har rabin gindinta, alhali amfaninta mafi girma yana zuwa ne kafin a kafe. Idan ka hango wuri mai laushi a gabanka, ko kana huɗa taya ɗaya tana cikin kwarin kunya ɗayar tana kan ƙasa mai santsi, ka rage gudu ka kulle difaranshal tun tayoyin biyu suna juyawa daidai, domin a wannan hali yana shiga cikin sauƙi ba tare da ƙara ba. Ka ratsa wurin a miƙe, sannan ka sake shi da zarar ka hau ƙasa mai ƙwari.

Wajen sakinsa ma akwai abin lura. A yawancin ƙananan taraktoci sifirin ne ke dawo da fedar idan ka ɗaga ƙafa, amma idan akwai matsi a kan haƙoran takan maƙale a ƙasa. Idan haka ta faru, ka ɗan taɓa birkin hagu da na dama ɗaya bayan ɗaya, ko ka ɗan ja da baya, za ka ji ta dawo. Kada ka sha kwana, kuma kada ka hau kwalta, sai ka tabbatar ta dawo, domin tarakta mai kullallen difaranshal tana ƙin bin sitiyari, tana so ta ci gaba a miƙe, kuma a bakin rami ko a kan gangara wannan kaɗai ya isa ya jawo hatsari. Game da ƙarar da ka ji, ka gwada fedar a fili mai laushi da ƙaramin gudu. Idan tana shiga tana fita lafiya, kuma babu wata sabuwar ƙara, mai yiwuwa ka tsira. Idan tana fizgewa da kanta, ko an ga gutsattsarin ƙarfe a cikin man giya, to lokacin kiran bakanike ya yi.

Tambaya: Ni kuwa na kulle difaranshal yadda ya kamata, tayoyin biyu suka juya tare, amma taraktar ba ta motsa ba, sai ma ƙara nutsewa da ta yi. Me ya rage mini in yi?

Amsa: Malam, da zarar tayoyin biyu sun juya tare ba tare da ci gaba ba, ka tsaya nan take, domin fedar ta gama nata aikin. Maganinta na hali ɗaya ne kawai, wato inda taya ɗaya ke da abin kamawa ɗayar ba ta da shi. Ka kashe inji ka sauka ka duba ƙarƙashin taraktar. Idan cikinta ya zauna a kan ƙasa, nauyin ya bar tayoyin ke nan, kuma sai an yashe ƙasar da shebur an shimfiɗa katako ko duwatsu a bayan tayoyin. Idan tana da bokitin gaba, ana iya kafa bakinsa a ƙasa a murɗa shi domin ya tura ta baya kaɗan-kaɗan.

Ka nemi fita da baya, ba da gaba ba, kuma wannan magana ce ta rai. Idan laka ta kama tayoyin baya suka kasa juyawa, sannan aka sa giyar gaba aka ba da wuta, ƙarfin injin yakan ɗaga gaban taraktar ya juya ta a kan sandar baya, kuma tana iya kaiwa matakin da ba ta dawowa cikin ƙasa da daƙiƙa ɗaya, wanda bai ishi direba ya kai ƙafarsa ga kuloci ba. Saboda wannan dalilin ne ba a ɗaure gungumen itace a jikin taya domin ta samu abin kamawa, duk da cewa wasu suna yi. Idan wata tarakta ce za ta jawo ka, a ɗaura sarƙar a ƙarfen ja na ƙasa da aka tanada domin haka, ba a wani wuri da ya fi sandar taya tsawo ba, a ja a hankali ba tare da fizga ba, kuma kowa ya matsa nesa da sarƙar. Ƙarfen kariya na saman kujera ya kasance a tsaye, kai kuma ka ɗaura bel.

Tambaya: Tsohuwar taraktata ba ta da wannan feda. Akwai wata dabara?

Amsa: Akwai, matuƙar birkinka ya rabu gida biyu. Ka cire ƙarfen da ya haɗe fedojin birkin, ka taka birkin ɓangaren tayar da ke sulɓi a hankali, kana cikin ƙaramar giya. Birkin yana ba tayar abin da za ta yi kokawa da shi a madadin ƙasa, sai difaranshal ya aika irin wannan ƙarfin ga ɗaya tayar. Dabarar tana cin birki, don haka ta ɗan lokaci ce, kuma wajibi ne ka mayar da ƙarfen ka haɗe fedojin kafin ka hau hanya. Idan sulɓin yana yawan faruwa ko a ƙasar da ba ta jiƙe sosai ba, to ka duba tayoyin da nauyin bayan taraktar, domin ƙananan taraktoci, musamman masu bokitin gaba, ba su da nauyi a baya. Ana ƙara shi da ƙarafan nauyi a jikin tayoyi, ko da ɗura ruwa a cikinsu zuwa kusan kashi 75 cikin 100, bisa abin da littafin taraktarka ya ƙayyade.